Hoton Inna da 'Ya'yanta Uku

Shekara goma sha uku ta yi a ofishin ajiye takardu na wani kamfani, tana buga hatimi, tana jera fayil, tana sa hannu a rajistar shigowa kafin ƙarfe takwas. Ranar da Oga ya ja jan biro a ƙarƙashin sunanta saboda makarar minti tara, alhali daga asibiti take da ɗanta, sai ta koma kujerarta ta rubuta takardar ajiye aiki a bayan wani fom da ya lalace. Ba ta yi shawara da kowa ba. Dama tun tana budurwa kyamara ce abin sonta, duk taron dangi ita ce tsugune a gaba tana cewa a matso. Ta kama shago tsakanin wani tela da mai sayar da magani, ta rataya labule shuɗi a bango, ta sayi fitilu biyu masu lema da injin buga hoto. Kafin wata ya zagayo sunanta ya ɓace a layin, kowa sai Mai Hoto.

Mukullin shagon a jakarta yake, babu mai duba mata agogo, wannan kam ta samu. Abin da ba ta samu ba shi ne aikin da ta baro ofis dominsa. Ita a tunaninta mutane za su zo su zauna, ta yi musu hira har su manta da kyamara, sannan ta ɗauki fuskar da iyalinsu suka sani. Sai ga shi daga safe zuwa yamma hoton fasfo take yi, ɗaga kai, rufe baki, fito da kunne. Wanda ya zo ɗaukar babban hoto kuwa, da ya leƙa kwamfuta sai ya ce a rage masa tumbi, a ƙara masa haske, a cike masa sanƙo. Wata ta taɓa sa ta gyara mata fuska har sau biyar, daga ƙarshe ta riƙe hoton tana murna ta ce, "Yauwa, yanzu ko uwata ba za ta gane ni ba."

Tela maƙwabcinta, mutum ne mai tsokana, kullum da tef a wuya. Idan ya ga ta fito ƙofa tana tsaki sai ya ce, "Uwar ɗakina, ai sana'armu ɗaya. Ni na ɓoye tumbi da yadi, ke ki ɓoye da kwamfuta."

Ba ta yi masa dariya sai ranar da ta ga dama.

Wata Talata da hantsi tasi ta tsaya a ƙofar shagon, wata tsohuwa ta fito tana laluben ƙasa da sanda. Ita kaɗai ce. Ta yi sallama, ta ƙi kujerar roba, ta nufi doguwar kujerar da ake zama a ɗauki hoto, ta zauna a tsakiyarta tana shafa gefe da gefe kamar mai awo.

"'Yar nan, mutum nawa wannan ke ɗauka?"

"Uku, Inna. In an matsu, huɗu."

"To huɗu ne mu. Ni da 'ya'yana uku. Babban injiniya ne, ta tsakiya malamar makaranta, autan kanikancin mota yake yi. Ina son hoto ɗaya da su, babba, wanda zai cika bango." Ta rage murya. "Likitan ido ya ce na dama ya tafi, na hagu ma yana bin sa. Akwai aikin da za a yi, wataƙila a dace, wataƙila a'a. Ina so in gan su a jere tun ina gani. Amma wannan maganar tsakanina da ke ce. Ba su sani ba, kuma ba na so su sani."

Mai Hoto ta ji wani abu ya motsa a ƙirjinta wanda rabonta da ji tun ranar da ta buɗe shagon. Ta durƙusa ta ce, "Inna, ki bar mini wannan. Asabar ƙarfe goma."

"Allah ya sa," in ji tsohuwar. "Ki dai yi haƙuri da su. Ba sa ga-maciji."

Dalilin rashin jituwar ma, da ta ji shi daga baya, sai da ta riƙe baki. Bayan rasuwar mahaifinsu Injiniya ya sa aka sare bishiyar mangwaron da ke tsakar gida don a yi rumfar mota, bai gaya wa kowa ba. Auta ya zo ya tarar da kututture, ya faɗa wa yayansa magana a gaban ma'aikata. Malama ta shiga sasanci, kowannensu ya ce ta goyi bayan ɗayan. Shekara huɗu ke nan, kowa da ranar da yake zuwa gaida uwarsu don kada a haɗu.

Asabar ta farko Mai Hoto ta zo tun ƙarfe takwas, ta goge labule, ta gwada fitilu, ta mayar da masu fasfo uku. Inna ta zo da sabon mayafi. Malama ta zo ƙarfe goma daidai, siririyar mace mai gilashi, ta zauna tana duba agogon waya. Har azahar babu maza. Asabar ta biyu Auta ya zo a kan babur, da baƙin mai a farcensa, yana cikin gaida uwarsa sai motar Injiniya ta shigo layin. Mai Hoto na tsaye a ƙofa ta ga motar ta rage gudu, ta ga mai motar ya kalli babur ɗin, sannan ya juya kan mota a gaban shagon Tela ya koma inda ya fito. Asabar ta uku wata makaranta ta nemi Mai Hoto ta je ta ɗauki hoton yaye ɗalibai, ta ce tana da aiki. A ranar Inna ce kaɗai ta zo. Ta zauna a tsakiyar doguwar kujera sa'a biyu, jakarta a cinya, duk wanda ya gifta ƙofa sai ta karkata kai ta dube shi da idon hagu.

Da ta koma gida mijinta ya ce, "Wato makarantar nan kika mayar saboda mutanen da ba su zo ba?"

"Baban yara, ba ka ga matar ba ne."

"Ban gan ta ba. Amma na ga wadda ta ce ta bar ofis don ta gaji da jiran mutane."

Ta shige ɗaki, don maganar ta same ta inda ke ciwo.

Ranar Litinin Injiniya ya zo da kansa. Ƙaton mutum ne, waya biyu a hannu, yana magana yana kallon wani wuri. Bai zauna ba.

"Madam, Inna ta dame ni da maganar hoton nan. Ni ba ni da lokacin zaman jiran wasu. Ba kuna haɗawa a kwamfuta ba? Ki ɗauki kowa daban ki jera mu. Ita dai hoto take so."

"Yallaɓai, ba zai zama ɗaya ba."

"Wa zai sani? Ki yi kawai. In ya yi kyau, ma'aikatanmu ɗari biyu za a sabunta wa katin shaida, sai in ce a kawo miki."

Ta so ta ce a'a. Bakin ya buɗe ma. Sai ta tuna Asabar uku da suka wuce, ta tuna idon da ke tafiya ba ya jiran kowa, ta ce a ranta hoton haɗi ya fi babu. Ta kunna fitila.

Injiniya ya tsaya minti biyu, ya ce a cire masa furfurar gefen kai. Malama ta zo ranar Laraba, ta ce kada a sa ta kusa da Yaya, kada kuma a sa ta kusa da Auta, Mai Hoto ta ce to ko a kan rufi za a ɗora ta, Malama ba ta yi dariya ba. Auta ya zo da aron kwat wadda ta matse shi a hammata, ya nuna wani tabo a goshinsa ya ce, "Anti, a share wannan." Inna kuwa hotonta na nan tun Asabar ɗin da ta zauna ita kaɗai.

Kwana biyu ta yi a gaban kwamfuta. Ta yanko wannan ta manna, ta daidaita tsawo, ta yi wa kowa inuwa a ƙarƙashin ƙafa, ta ɗauko hannun Injiniya ta ɗora a kafaɗar uwarsa, ta karkato kan Malama kaɗan wajen Auta. Wuta ta ɗauke sau biyu, sau ɗaya kafin ta adana aikin, ta sake daga farko tana zagin kanta. Da ta gama ta buga shi babba ta sa a firam. Tela ya leƙo ya ce, "Kai! Wannan iyali akwai zumunci." Kuma da gaske yake, bai gane ba. Ita kanta ta san ba ta taɓa yin aiki mai tsafta kamar wannan ba, kuma duk lokacin da ta kalle shi sai ta ji kamar ta haɗiyi ƙuda.

Ta kai wa Inna har gida. Tsohuwar ta sa aka jingina firam ɗin a jikin taga, ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashin, ta rufe idon dama da tafin hannu, ta bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya. Ta daɗe. Sannan ta koma ta zauna.

"Ina tabon Auta?"

"Shi ya ce a share, Inna."

"Yana shekara shida ya faɗo daga kan katanga, ni na goya shi zuwa asibiti da gudu ba takalmi. Shi ne kika share." Ta nuna da sanda. "Wannan kuma hannun wa ke kafaɗata? Babban tun da ya yi gemu bai taɓa dafa ni ba, kunya yake ji. Kuma ni na zauna a kujerar nan, na san babu kowa a bayana." Ta gyara mayafi. "Kin iya aikinki, 'yar nan, ba na ce ba ki iya ba. Amma ido na ce miki yana tafiya, ban ce hankali ba. Ɗauki abinki."

Mai Hoto ta fito da firam a hammata. A bakin titi ta kira Injiniya ta gaya masa Inna ta ƙi karɓa.

"To sai me? Tsufa ne. Ki mayar da tabon, ki cire hannun, ki sake kai mata."

"Yallaɓai, ba tabon ba ne matsalar. So take ku zo ku tsaya."

"Madam, ban tambaye ki shawara ba. Ki yi abin da aka sa ki."

Wannan jimlar ta san ta. Shekara goma sha uku tana jin ta, tana cewa to.

"Babu wanda ya sa ni," ta ce. "Shagona ne, kyamarata ce, kuma na gama manna mutane. Katin ma'aikatanka ka kai wa wanda ka ga dama. Kuna nan kuna rigima a kan kututturen mangwaro, uwarku na makancewa, ido ɗaya ya riga ya tafi, ku ko sani ba ku yi ba!"

Sai da maganar ta fita ta ji abin da ta faɗa. Can Injiniya ya ce, da wata murya daban, "Me kika ce?" Ta kashe.

Ranar ba ta iya cin abinci ba. Mijinta ya ji labari ya ce, "Katin mutum ɗari biyu kika watsar, kika kuma tona asirin tsohuwa, duk a waya ɗaya. Ko a ofis ba ki taɓa yin aiki da sauri haka ba." Da ya ga idonta ya ciko sai ya tura mata kofin ruwa.

Washegari da safe ba ta buɗe shago ba. Ta rataya kyamara don ta saba, ta tafi ba Inna haƙuri. Tun daga kan kwana ta hango mota da babur a ƙofar gidan, gefe da gefe. Hayaniya kuwa har waje.

A falo ta same su. Inna na zaune a kujerarta ta sha mur, sandarta a gicciye kan cinya. Injiniya na tsaye da takardun asibiti da ya zaƙulo daga ƙarƙashin katifa, ya tasa Malama a gaba.

"Ke da kike zuwa Litinin da Alhamis, ba ki lura tana laluben kofi ba?"

"Yaya, kai da kake zuwa da waya a kunne fa? Ka taɓa kallon fuskarta?"

"Ni na lura," in ji Auta. "Na ce mata mu je asibiti ta ce ƙaiƙayi ne."

"Ka lura ka yi shiru? Wa ka gaya wa?"

"Wa zan gaya wa? Kai da ka ga babur ɗina ka juya mota?"

Inna ta karkato kai ta hango wadda ke tsaye a ƙofa. "Ga ta nan," ta ce. "Mai bakin rediyo. Na ba ki amana, kina fita daga gidan nan jiya kika watsa ta."

Mai Hoto ta durƙusa. "Inna, na yi laifi. Ki yafe mini."

"Ban yafe ba." Hayaniyar na ci gaba a kanta, sai ta ce ƙasa-ƙasa, "Wancan abin da ke wuyanki na ado ne?"

Babu labule, babu fitila. Taga ɗaya ce, ita ma a bayansu take, wato mafi munin inda haske zai fito. Fanka na juyawa, a bango ga kalandar da ta wuce shekara biyu, a kan tebur ga kwanon da ba a ɗauke ba. Mai Hoto ta ja baya har ta bugi firji, ta ɗaga kyamara ta ce, "Don Allah ku ɗan matso." Babu wanda ya ji ta. Ta sake faɗa. Malama ta juyo ta ce, "Baiwar Allah, yanzu lokacin hoto ne?" ta koma kan yayanta. Sai kawai ta fara dannawa. Ta danna sau goma sha ɗaya. A na goma sha biyu Auta ya fice yana cewa shi zai je ya nemo likitan da kansa, Injiniya ya bi shi yana cewa ba a babur za a ɗauki uwarsa ba.

Da ta koma shago ta zuba su a kwamfuta, ta dafe kai. Babu na kirki ko ɗaya. A wani Injiniya ya rufe ido, a wani Malama ta ba da baya, a uku Auta rabinsa ne kawai ya shigo. Na takwas ne mai ɗan dama. Inna a tsakiya ta ɗaure fuska, Injiniya ya sunkuyo kanta da takarda baki buɗe, Malama ta nuna shi da yatsa, hannun ya yi dishi-dishi don motsi, Auta a tsugune gefen kujera ya riƙe ƙarshen sandar uwarsa, tabonsa na ƙyalli. Hasken taga ya cinye rabin bango. Ga kwanon nan a gaba, ya fi kowa fitowa sarai.

Hannunta ya kai kan linzamin kwamfuta don ta cire kwanon. Minti biyu zai ɗauke ta. Ta yi tsaki ta janye hannun, ta tura shi injin bugawa yadda yake.

Tela ya leƙo yana cin gyaɗa. "Uwar ɗakina, wannan kuma faɗa ake ko rabon gado?"

"Hoton iyali ne."

"Wancan na jiya ya fi kyau."

"Na sani," ta ce, kuma abin da ya fi ba ta haushi ke nan. Tun da ta buɗe shago wannan ne hoto na farko da ta ɗauka irin wanda ta yi niyya, kuma ko a tagar shagonta ba za ta iya kafa shi ba, don duk wanda ya gani zai ce ba ta iya aiki ba.

Katin ma'aikata bai zo ba, ba ta kuma sa ran zai zo ba. Makarantar da ta mayar ta samu wani mai hoton. Ranar Juma'a ta sake rufe shago da rana tsaka ta kai firam ɗin. Ta tarar an sa ranar aikin ido mako mai zuwa. Injiniya ne zai kai ta, Malama za ta zauna da ita, Auta zai dawo da ita, sun tsara abin ta bakin Malama yadda mazan ba za su haɗu a ƙofar asibiti ba.

Inna ta sa aka jingina shi a taga kamar wancan. Ta rufe idon dama, ta matso.

"Dubi bakinsa," ta ce. "Haka ubansa ke yi in yana faɗa. Ita kuma wannan yatsan, tun tana aji uku take nuna mutane da shi." Ta kai kan Auta ta tsaya, ta goge gilashin da gefen mayafi. "Wa ya bar kwano a kan tebur?"

"Zan iya cirewa, Inna."

"Kin cire isasshe. Akwai guduma a ƙarƙashin gado, ƙusa na cikin gwangwanin kan taga."

Mai Hoto ta hau kujera, tsohuwar na ƙasa tana ba da umarni da sanda, sama kaɗan, a'a ƙasa, hagu, ke ba ki san hagu ba? Ƙusa ta farko ta lanƙwashe, ta biyu ta ɓantaro siminti, ta uku ta shiga bayan ta bugi babban yatsanta. Ta rataya, ta sauko tana tsotsar yatsa. Ya karkace zuwa dama, ko daga ƙofa ana gani.

"Ya miƙe?" in ji Inna.

"Bai miƙe ba."

"Bar shi, Auta ya gyara in ya zo. Zauna ki sha ruwa. Kuma kada ki ɗauka mun shirya, har yanzu ina fushi da ke."